Dausayin Haɗeja da Nguru: A Miƙa Wa Masu Ruwa Ragamar Gyara

Duk wanda ya shiga kwalekwale daga Nguru ya nufi mashigin Marma zai ga abin da ya fi damun mutanen wannan yanki, watau ciyawar nan da ake kira kacalla. Ta fi mutum tsawo, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta kuma zama mafakar tsuntsayen jan baki masu cinye gero da dawa.

Asalin wannan masifa ba ɓoyayye ba ne. A da, kogin Haɗeja da na Jama'are sukan yi ambaliya da damina, su janye da rani. Manomi ya shuka shinkafa, masunci ya yi su, makiyayi ya sauko da shanunsa bayan girbi, kowa da lokacinsa. Amma da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai ambaliya ta ragu, ruwa kuma ya riƙa kwarara har cikin rani. Kacalla kuwa ba abin da take so kamar ruwan da ba ya ƙafewa.

Ba a ce hukuma ta naɗe hannu ba. A 1987 aka kafa shirin kiyaye wannan dausayi. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. A 2006 jihohin Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe suka kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da waɗannan koguna. A 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 na shirin ACReSAL, domin farfaɗo da ƙasar noma da albarkatun ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja.

To, abin tambaya shi ne: nawa ne daga cikin irin waɗannan kuɗi ke isa hannun mazauna bakin ruwa? Bade da Hausawa da Barebari da Fulani na wannan wuri sun san inda tsohuwar hanyar ruwa ta bi kafin ta toshe. Sun san cewa in aka sare kacalla ƙarƙashin ruwa sai ta ruɓe, in kuwa aka sare ta a sama sai ta sake tohowa. Sarkin ruwa da bulama su ne ke sanya ranar su, su raba rigimar manomi da makiyayi. Shekara da shekaru ƙauyuka ke fita gayya da lauje da adda suna buɗe mashigai, sau da yawa da guminsu kaɗai.

Injin yashe kogi yana da amfani ƙwarai, amma ɗan kwangila yakan gama ya tafi, kacalla kuwa ta dawo. Wanda zai tsare mashigi kowace shekara shi ne wanda abincinsa ke ciki. Saboda haka ya kamata a ware wani kaso sananne daga kowane asusu, a damƙa wa ƙungiyoyin ƙauyuka kai tsaye, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a. Har wa yau, a zauna da dattawansu kafin a tsayar da ranar sakin ruwa daga Tiga da Challawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.