Ko Ka San Bindiga Ma Ana Sa Mata Birki?

Duk maharbin da ya taɓa jan kunamar bindigar toka ya san naushin da take kai wa kafaɗa. Manyan bindigogin farauta na zamani ma haka suke, wasu har sun fi, kuma ba harsashi kaɗai ne mai laifi ba. Ɗauki .300 Winchester Magnum, wadda ta fito a Amurka a 1963. Ƙwayar harsashinta kan kai giram 12, tana fita da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa ɗaya. Albarushin da ke tura ta kuwa ya kusa giram 5, kuma idan ya ƙone ya zama iska mai zafi, da ƙwayar ta bar bakin bututu sai iskar ta biyo da gudun da ya fi nata. Wannan feshin ma tura bindigar baya yake yi.

Nan birkin yake shigowa. Ɗan guntun ƙarfe ne da ake murɗawa a bakin bututu, da rami a tsakiya inda ƙwayar za ta wuce, da tagogi a gefe da gefe. Iskar na fitowa sai ta ci karo da bangayen da ke ciki, ta ja bindigar gaba kaɗan, sannan ta watse dama da hagu. Idan akwai ƙofofi a sama, su ke hana bakin bindigar ɗagawa. Gwargwadon yawan albarushi, gwargwadon aikin birki. Shi ya sa Barrett M82, mai cin harsashin .50 BMG, take ɗauke da wani ƙato a baki, haka ma igwar tankar Tiger ta Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu.

Masu gasar harbin nesa suna son birkin, domin bindigar ba ta zillo, suna iya ganin inda harsashi ya sauka ta cikin madubin saiti. Ga maharbi kuma, yana rage mugun halin nan na runtse ido da ɗaure kafaɗa tun kafin bindiga ta tashi, abin da ke sa a yi kuskure ko a ji wa dabba rauni ta tsere.

Sai dai abin da kafaɗa ta huta, kunne ke biya. Ƙarar babbar bindiga dama ta wuce desibel 140, inda harbi guda kan iya lalata ji har abada, birkin kuma juyo da ita yake yi wajen mai harbi da na kusa da shi. Mai bin sawu da ke tsaye a gefe, ko kare, shi ke shan mafi muni. In a kwance aka yi harbin, ƙura ta turnuƙe fuska. A ganina dabarar da ta fi ita ce ta masu sa birki wajen gwaji, kunne a toshe, su kwance shi ranar shiga daji, amma sai sun sake duba saiti, don cire shi kan sauya inda harsashi ke faɗawa.