Kakana Kirista, wanda ya sassaƙa mini allo

A shekarar 1977 gwamnati ta rushe tsohon Zangon Lome da ke tsakiyar gari, aka kwashe jama'arsa zuwa wajen Togblekope, kimanin kilomita 15 arewa da birnin. Kowane dattijo a unguwarmu yana da labarin wannan shekara: wane ya rasa gida, wane cinikinsa ya mutu don an nisanta shi da kasuwar Adawlato. A gidanmu kuwa, labarin na wani kafinta ne ɗan ƙabilar Ewe, ɗan ɗarikar Katolika, da ya turo amalanke ya kwashe kayan 'yarsa da na mijinta Bahaushe. Kakana ke nan na wajen uwa. Togbui muke ce masa, wato kaka da yarensu. Bara ya rasu, ya haura shekara 90.

Auren mahaifiyata bai yi masa daɗi ba, bai kuma ɓoye ba. Mutumin da ya daɗe yana koya wa yara addini a coci ba ko sisi, sai ga 'yar farinsa ta musulunta. Mama ta ce wata shida bai taka Zango ba. Amma da rusau ya zo, shi ne ya buɗe musu ɗaki biyu a gidansa na unguwar Be, suka zauna kusan shekara. Ya ware musu tukwane. Ya hana shigo da naman alade da sodabi, giyar nan ta kwakwar manja, duk da gunagunin ƙannensa. Ya share gindin mangwaro ya ce wa babana nan ne wurin sallarsa, yara kada su gitta.

Kada mai karatu ya ɗauka ya yi sanyi ne a nasa addinin. Ko kusa. Lahadi ba ta wuce shi a babbar cocin Sacré-Cœur, wadda 'yan mishan Jamusawa suka gina a 1902. Hoton zuwan Fafaroma John Paul na Biyu Togo a watan Agustan 1985 yana rataye a falonsa har ya dushe. Idan talaka ya mutu a cocinsu, shi ke haɗa akwatin gawa kyauta. Da hannun nan dai ya gyara makarar masallacinmu, ya kuma sassaƙa wa kowane jika allo ranar da za a sa shi makaranta. Nawa yana nan har yau. In mun je hutu, da asuba zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, “Ku tashi, lokacinku ya yi,” sannan ya koma ya ɗauki carbinsa.

Rasuwarsa ce ta tayar da gardama. Kun san jana'izar kudancin Togo: gawa ta yi makonni a asibiti, a ɗinka anko, a kwana ana waƙoƙi. Wasu samarin danginmu suka ce ko ƙofar gidan ba za a je ba, hujjarsu wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp. Mama ta tafi wurin malamin unguwa tana kuka. Malam ya tuna mata Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda Manzon Allah (SAW) ya umarta da ta sada zumunci da mahaifiyarta da ba Musulma ba, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Ya ce ta je, ta yi hidima, ta bar musu ibadarsu. Ya kuma faɗa mata ba za ta nema masa gafara ba. Wannan ya fi komai yi mata nauyi, kuma har yau ba ta iya maganarsa.

Mun je. Mun biya kasonmu na kuɗin biso, mun dafa ayimolu, mun zauna daga baya lokacin addu'o'insu. Samarin nan biyu ba su zo ba. Ni dai a ganina sun yi rowar abin da mutumin bai taɓa yi musu rowarsa ba, don su ma da allonsa suka fara Fatiha.

Abin yana damuna ne saboda a ajina akwai yara irina da yawa, masu kaka a coci, kuma na lura sun fara ɓoye sunan dangin uwarsu in ana cike takarda. Shagon Togbui yanzu jikokinsa biyu ke riƙe da shi, ɗaya Kirista, ɗaya Musulmi. Har yanzu malaman Zango can suke aikawa a yi musu alluna.