Ɗan Ƙwadagon Gona Da Ya Shiga Majalisar Ingila

'Yan'uwa manoma, sau da yawa muna ji ana cewa zaman majalisa na masu kuɗi ne da masu ilimi mai zurfi. To, ga labarin wani ɗan ƙwadagon gona a ƙasar Ingila, sunansa Joseph Arch, wanda ya yi takara da ɗan gidan sarauta a shekarar 1885, ya kuwa kayar da shi.

A zamanin nan mutanen karkara a Ingila kashi uku ne. Akwai masu ƙasa, akwai manyan manoma masu karɓar hayar gona daga hannunsu, sa'an nan akwai 'yan ƙwadago waɗanda ba su da ko taki ɗaya na kansu. Sau da yawa har ɗakin da ɗan ƙwadago yake kwana na maigidansa ne. Idan ya buɗe baki ya yi ƙara, sai ya rasa aiki da wurin kwana rana ɗaya.

An haifi Arch a ƙauyen Barford a shekarar 1826. Yana ɗan shekara 9 ya fara aikin korar hankaki a gonar wani. Da ya girma ya ƙware wajen gyaran shinge da sauran aikin gona, har ana kiransa garuruwa masu nisa. Abu biyu suka taimake shi. Na fari, ɗan gidan da yake ciki na iyalinsu ne, kakansa ya saya, saboda haka ba mai iya korarsa. Na biyu, shi mai wa'azi ne a wata ƙaramar ikilisiyar Methodist ta talakawa. A irin waɗannan ƙananan ɗakunan sujada ne 'yan ƙwadago da yawa suka koyi tsayawa gaban jama'a su yi magana, da riƙe littafin kuɗi, da tafiyar da taro.

A watan Fabrairu 1872 'yan ƙwadagon ƙauyen Wellesbourne suka roƙe shi ya zo ya yi musu magana. Jama'a suka yi yawa har ɗaki bai ɗauke su ba, sai ya tsaya a gindin itace da dare. Nan aka kafa ƙungiya. Kuɗin shiga sisi ne, sa'an nan kwabo 2 kowane mako. Ladansu a lokacin kamar sule 12 ne a mako, su kuwa suna neman sule 16. Kafin shekarar ta ƙare ƙungiyar ta zama ta ƙasa duka, Arch ne shugabanta. A 1874 tana da mutane fiye da 86,000.

Amma a wannan shekara manyan manoma na gabashin ƙasar suka haɗa baki suka sallami dubban 'yan ƙungiya. Asusun ƙungiya ya kasa ciyar da su duka, da yawa suka koma aiki ba su sami abin da suke nema ba. Daga nan Arch ya ƙara ba da ƙarfi ga neman ƙuri'a, gama ya ga masu ƙasa ne suke yin doka, ɗan ƙwadago kuwa ba a tambayarsa.

Ya fara tsayawa takara a garin Wilton a 1880, ya faɗi, domin yawancin mutanen da yake yi wa magana ba su da ikon zaɓe. Sai a 1884 aka yi dokar da ta ba magidantan karkara ƙuri'a. Mata dai ba su samu ba tukuna, haka kuma maza da yawa da ba su da gidan kansu ko na haya.

A zaɓen 1885 jam'iyyar Liberal ta tsayar da shi a mazaɓar arewa maso yammacin Norfolk, ƙasar manyan gonaki, inda har magajin sarautar Ingila yake da gidansa na Sandringham. Abokin takararsa shi ne Lord Henry Bentinck, ɗan babban gida, na jam'iyyar Conservative. A wajen dukiya da suna ba a haɗa su. Amma Arch ya san aikin da masu jefa ƙuri'a suke yi, gama da hannunsa ya yi shi. Abin da ake kira a ƙauyuka a wannan zaɓe shi ne eka 3 da saniya ɗaya, wato a ba ɗan ƙwadago 'yar gonar da zai noma wa kansa, kada ya rataya ga lada kaɗai.

Akwai kuma maganar tsoro. Wa zai zaɓi wanda maigidansa ba ya so? Abin da ya cece su shi ne dokar 1872 wadda ta sa a riƙa jefa ƙuri'a a asirce. Kafin wannan doka, mutum yakan faɗi wanda yake so da baki a gaban kowa. Da aka ƙirga, Arch ya sami ƙuri'a 4,461, Bentinck 3,821. Shi ne ɗan ƙwadagon gona na fari da ya zauna a majalisar. A jawabinsa na fari, a watan Janairu 1886, ya goyi bayan a ba 'yan ƙwadago gonaki, kuma a kan wannan magana ce aka kayar da gwamnatin lokacin.

Murnar ba ta daɗe ba. Jam'iyyarsa ta rabu biyu a kan maganar ba ƙasar Ireland mulkin kanta, aka sake zaɓe a 1886, Bentinck ya kayar da shi da ƙuri'a 20 kacal. Ku duba fa, mutum 20! Ƙauye ɗaya da ya yi sanyin jiki ya isa ya jawo haka. Arch bai fid da rai ba. Ya sake tsayawa a 1892 ya ci, ya kuma ci a 1895, ya zauna har 1900.

Zaman majalisa bai zo masa da sauƙi ba. A lokacin ba a biyan 'yan majalisa ko anini, sai a 1911 aka fara ba su fam 400 a shekara. Mai dukiya ba ruwansa, amma talaka dole wani ya ɗauki nauyinsa a Landan. Ƙungiyar kuwa tana ta raguwa. Farashin alkama ya faɗi saboda hatsi mai araha da ake kawowa daga Amurka, matasa suna gudu birni ko ƙasashen waje, shugabanni kuma suna gardama a kan kuɗi. A 1896 ƙungiyar ta mutu. Arch ya koma gidansa na Barford, can ya rasu a 1919.

Duk da haka wahalar ba ta tafi banza ba. A 1894, yana majalisa, aka yi dokar da ta kafa majalisun ƙauyuka, aka ba su ikon samo fili su raba wa masu bukata. A 1906 kuma 'yan ƙwadagon Norfolk suka kafa sabuwar ƙungiya.

Me za mu ɗauka daga nan? Mun ga ƙungiya ce ta fito da Arch, da sisi da kwabo aka fara. Sa'ad da tsintsiyar ta warwatse, muryarsa a majalisa ma ta rage ƙarfi. Saboda haka a taronku na gaba, ku tambayi kanku: littafin kuɗinmu a fili yake? Matasanmu da matanmu suna samun zarafin magana? Ranar zaɓe kuma, duka muna fita, ko muna barin mutum 20 a gida?