Gano Lahanin Gada ta Hanyar Kaɗawarta

Mai sayen tukunya yakan ƙwanƙwasa ta da yatsa kafin ya biya. Lafiyayya takan yi ƙara garau, mai tsaga kuwa muryarta a dushe take. Irin wannan dabara ce injiniyoyi suke bi wajen binciken gadoji.

Kowace gada tana da adadin kaɗawar da take yi cikin daƙiƙa guda idan mota ko iska ta motsa ta. In ƙarfe ya tsage ko kankare ya dare, ƙarfin gadar yakan ragu, adadin ma ya ragu. Ana manna na'urorin awo a wurare da dama, kuma inda lanƙwasar gadar ta saɓa wa yadda take a da, nan ake neman lahanin.

A 1998 an gwada haka a kan gadar Z24 ta ƙasar Suwizalan, wadda aka yi wa lahani da gangan kafin a rushe ta. Sai dai awon watannin baya ya nuna wata matsala: tsananin sanyi yana sandarar da kwalta, kaɗawa ta ƙaru, har canjin ya iya rufe alamar lahani. Shi ya sa ake auna zafin wurin tare da kaɗawar.