Kwaikwayon Na'urorin Sa Ido a Kwamfuta: Misali Daga Magudanar Nima

Ranar 3 ga Yuni 2015, ambaliya da gobarar wani gidan mai a dandalin Kwame Nkrumah da ke Accra sun hallaka mutum fiye da 150. Ruwan babbar magudanar Nima yana zuba ne a kogin Odaw, wanda ya ratsa ta wannan dandali. To, a ce an jera ƙananan na'urori a bakin magudanar, kowace tana auna tashin ruwa, tana miƙa saƙo ga maƙwabciyarta ta iska ba tare da waya ba, har ya isa wurin masu gargaɗi. Wannan jeri shi za mu kira sarƙar na'urorin sa ido a wannan takarda.

Kafin a sayi ko guda ɗaya, injiniyoyi kan gina sarƙar a cikin kwamfuta tukuna. Akwai manhajoji na wannan aiki: TOSSIM, wadda ta fito daga Jami'ar Kalifoniya a Berkeley a 2003, da Cooja daga ƙasar Suwidin, da ns-3 da OMNeT++. Mai gwaji zai zana na'ura ɗari a allo, ya sa tazarar da ke tsakaninsu, sannan ya kashe guda goma da gangan ya ga ko saƙo zai sami wata hanya. Babban abin da ake dubawa shi ne batir, domin aika saƙo ya fi auna ruwa cin wuta. Na'urar da ke kusa da cibiya kuwa ita ke ɗaukar saƙon kowa, saboda haka ita ke fara mutuwa, kuma mutuwarta tana yanke na bayanta duka.

Ɗalibi ya lura da kalmar da muka zaɓa. Mun ce kwaikwayo, ba mu ce gwaji ba, domin a gwaji abu na gaskiya ake taɓawa. Mai kwaikwayo kuwa abin da aka nuna masa kaɗai yake yi. Idan aka gaya wa manhaja cewa fili ne fetal, za ta ba da sakamako mai daɗin gani, alhali Nima da Maamobi gidaje ne a cushe, da rufin kwano mai karkatar da saƙon rediyo, da leda da yashi masu toshe bakin ma'auni. Dole sai wani ya bi lungunan da ƙafa, ya auna iya nisan da saƙo ke kaiwa, ya kawo alƙaluman a zuba wa manhajar kafin a sake lissafin yawan na'urorin da za a saya.