BINDIGA BIYU A ƘARƘASHIN RIGA: KARIYA CE KO JAWO WA KAI?



Maganar da muka ɗauko a wannan fitowa an daɗe ana yin ta ƙasa-ƙasa, a bakin kara da cikin tasha da ƙofar banki a Adum, amma ba a son fitowa da ita fili. Wato maganar ƙaramar bindiga, libarba ko fistol, wadda wasunmu ke ɓoyewa ƙarƙashin riga in za su hau arewa sayen shanu. Yanzu ma abin ya wuce guda. Sai ka ji an ce wane biyu gare shi, ɗaya a jikinsa, ɗaya a jakar yaronsa. To, tun da abin ya kai haka, shiru bai kamace mu ba, domin in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

ABIN DA YA KAWO HAKA

Ba mu ce tsoron da ke zukatan mutane na banza ba ne. Duk wanda ya bi hanyar nan daga Kumasi zuwa Techiman, Kintampo, Buipe, Tamale, Walewale, Bolgatanga har Paga, ya san akwai wuraren da direba kan yi shiru ya riƙa salati, musamman dajin da ke tsakanin Kintampo da Buipe in dare ya yi. Haka kuma hanyar Ejura da Atebubu zuwa Yeji. 'Yan fashi sun san ranakun kasuwa kamar yadda muka san su, sun kuma san mai hawa arewa da kuɗi yake, mai saukowa da shanu.

Wannan ɗaukar kuɗi a jiki ita ce uwar matsalar. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, shanun Burkina da Mali da Nijar suka yi araha ga mai sidi, hanya ta cika da fatake. Lokacin kuwa kuɗin tirela guda a buhu ake zuba shi. Har zuwa canjin kuɗi na watan Yuli 2007, babbar takardarmu ita ce ta sidi 20,000, wadda ta koma sidi 2 kacal a sabon kuɗi. Mai buhun kuɗi a tsakiyar daji dole zuciyarsa ta raya masa makami.

To me ya sa biyu? Ai yawancin waɗannan bindigogi ƙirar maƙera ne na gida, da yawansu harsashi ɗaya suke ci, irin na bindigar farauta, wani lokaci ma ka ja kunama ta ƙi tashi. Shi ne mutum kan ce bari in ƙara ta biyu, in wannan ta ƙi waccan ta yi. Samari kuma suna ganin bidiyo a waya na mutanen Amurka masu ɗaure bindiga a ƙugu da wata a idon sawu. Sun manta waccan ƙasa tun 1791 aka sa riƙe makami cikin tsarin mulkinta. Mu kuwa a nan ba haƙƙi ba ne, izini ne, hukuma ke bayarwa, ita ke karɓewa.

ABIN DA DOKA TA CE A GANA

An gina tsarin makamai na ƙasar nan a kan dokar 1962 da ta 1972, da gyaran da aka yi a 1996 da 2001. A taƙaice, kowace bindiga sai an yi mata rajista wurin 'yan sanda da lambarta da sunan mai ita, lasin kuma shekara-shekara ake sabunta shi. Ku lura da kyau: lasin na bindiga ɗaya ne, na mutum ɗaya. Takardar ta fari ba ta rufe ta biyu, takardar maigida ba ta rufe yaronsa, takardar uba ba ta zama gado ga ɗa sai an koma ofis. Shigo da bindiga daga waje sai da izinin Ministan Harkokin Cikin Gida. Ƙera ta ba izini haramun ne, saboda haka wadda maƙeri ya ƙera maka a ɓoye tun ranar da ta shigo hannunka kana cikin laifi.

Laifin kuwa ba ƙarami ba ne. Sashe na 192 na dokar manyan laifuffuka ta 1960 ya sa mallakar bindiga ko harsashi ba bisa izini ba cikin laifuffuka masu daraja ta ɗaya, waɗanda hukuncinsu kan iya kaiwa ɗaurin rai da rai. I, dokar nan ta yarda mutum ya kare kansa in an zo kashe shi ko yi masa fashi. Amma kare kai daban, mallakar bindiga ba takarda daban. Kana iya fita daga na farko, na biyu ya riƙe ka.

Sa'an nan akwai yankunan da ko mai lasin ba ya shiga da makami. Duk sa'ad da Ma'aikatar Cikin Gida ta sa dokar hana fita a Bawku da kewayenta saboda rikicin sarauta, takan haɗa da hana kowa ɗaukar makami ko harsashi. Mu kuwa ta nan ne hanyarmu ta Kulungugu zuwa Bittou. Sojan da ke bakin shinge a irin wannan wuri, in ya laluba ya sami bindiga biyu a jikin baƙo, ba zai ce ga bafatake mai tsoron ɓarayi ba. Cewa zai yi ga mai kai wa wani ɓangare makamai.

IN KA ƘETARE IYAKA FA?

Nan ne abin ya fi shafarmu, mu da abincinmu ke hayin iyaka. Lasin Gana a Paga yake ƙarewa. Da ka taka Dakola ka nufi Po, takardar nan ba ta da wani amfani. A 1998 ƙasashen ECOWAS suka amince a Abuja da dakatar da shigo da ƙananan makamai da fitar da su da ƙera su, a watan Yuni 2006 kuma suka mai da abin cikakkiyar yarjejeniya, wadda ta fara aiki a 2009. A ciki an ce baƙon da ke son shiga wata ƙasa da bindigarsa sai ya nemi takardar izini tun kafin ya taso, an kuma ce kowace ƙasa ta ƙayyade yawan bindigogin da lasin zai ɗauka. Bugu da ƙari, a watan Janairu 2025 Burkina da Mali da Nijar sun fice daga ECOWAS, saboda haka ko wannan 'yar ƙofa ba abar dogaro ba ce a can.

Ku tuna kuma halin da Burkina ta shiga tun 2015. Djibo, wadda da tana cikin manyan kasuwannin shanu na Sahel, 'yan bindiga suka yi mata ƙawanya a 2022. A ƙasar da ake yaƙi, jandarma ko ɗan sa-kai ya sami makami a ɓoye jikin mai shanu, baƙo, mai jin Hausa ko Fulatanci, wallahi samun kaiwa gaban alƙali ma sa'a ce.

Masu zuwa Najeriya su ma su sani: dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin bindigogin da aka haramta, ba mai ba da lasinsu sai Shugaban Ƙasa. Dokar fashi da makami ta 1984 kuma ta tanadi tara ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba izini.

RANAR DA AKA TARE HANYA

Mu ajiye doka, mu dubi abin da idon basira. Masu tare hanya ba ɗai-ɗai suke zuwa ba. Sukan zo da yawa, cikin duhu, da manyan bindigogi, su suka zaɓi wurin, su suka zaɓi lokacin. Kai kuwa kana zaune a matse cikin mota, ko kana kan tirela bisa shanu, fitila a idonka. Hannu biyu gare ka, ɗaya ma yana riƙe da jaka. Bindiga ta biyu wane hannu zai ɗauke ta? In ka harba ɗaya, su buɗe wa motar wuta gaba ɗaya, direba da yaran mota da fasinjan da bai san hawa ba bai san sauka ba duk ka jawo musu. In kuma ba ka harba ba suka laluba suka same ta, sun sami ƙarin makami kyauta, gobe da shi za a tare ɗan'uwanka.

Kuma fa fashi ba kullum ake yinsa ba, amma bindiga kullum tana jiki. Tana nan ranar da ciniki ya ɓaci a kara, ranar da aka yi gardama kan la'ada, ranar da mahauci ya riƙe maka kuɗi wata uku ya zo yana ɗaga maka murya. Shaiɗan ba ya nisa da irin wannan wuri. Ta biyun kuwa, tun da ba za ta zauna jikinka ba, tana hannun yaro, ko cikin akwati a gida inda 'ya'ya ke wasa.

Akwai kuma sunanmu baki ɗaya. A watan Disamba 2015 'yan sanda suka kama tarin bindigogi da harsasai a wani gida a Alabar, nan cikin Kumasi, kowa ya ji yadda aka riƙa ambaton Zango a rediyo kamar dukanmu ne. Rikicin makiyaya da manoma a Agogo, wanda ya kai Babbar Kotun Kumasi ta ba da umurnin fitar da shanu daga yankin a 2012, ya riga ya sa ana yi wa duk mai shanu kallon mai makami. Wake ɗaya ke ɓata gari. Bafatake ɗaya aka kama da bindiga biyu, gobe tirelolinmu duka za a sauke a kowane shinge, shanu suna galabaita cikin rana, asara ta hau kan wanda bai ji ba bai gani ba.

ABIN DA MUKA KARANTA A MAKARANTA

Wasu kan kafa hujja da hadisin da ya nuna wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ya yi shahada. Hadisi ne ingantacce, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi, kuma Suratul Ma'ida aya ta 33 ta yi tsanani ƙwarai a kan masu tare hanya. Amma a cikin littattafan nan biyu ne aka umurci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani, aka kuma hana nuna wa ɗan'uwa makami ko da wasa. Addinin da ya kula da tsinin kibiya a kasuwa, yaya zai ɗauki bindiga biyu cike da harsashi a cikin cunkoson kara? Malamanmu sun koya mana rai yana gaba da dukiya. Saniya in ta tafi ana sayen wata.

YADDA IYAYENMU SUKA YI

Fataken da suka riƙa kai goro daga Salaga zuwa Kano watanni suke yi a hanya, cikin dajin da ya fi na yau haɗari. Sun riƙe makami, ba mu musa ba, kwari da baka da takobi, amma a fili, ƙarƙashin madugu, jagaba a gaba, kowa ya san matsayinsa, ana biyan sarakunan hanya haƙƙinsu. Ƙarfinsu ayari ne da amana. Bayan yaƙin Salaga na 1892, da fatake suka watsu har Zangon Kumasi ya cika, abin da ya riƙe sana'ar shanu shi ne maigida: shi ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa a kan bashin mahauta. Wato kuɗi ba ya yawo a daji sai dole.

Saboda haka ga shawararmu ga 'yan ƙungiya:

Na ɗaya, a raba jiki da kuɗi. Tun 2009 aka fara aika kuɗi ta waya a Gana, ga bankuna nan Adum masu rassa a Tamale da Bolgatanga, wasu har Wagadugu. Abin da za a cire maka bai kai kuɗin lauya na zama ɗaya ba.

Na biyu, a koma tafiyar ayari, motoci su tashi tare, a ratsa wuraren da aka sani da rana. In kaya sun yi yawa, shugabanni su nemi rakiyar 'yan sanda a rubuce.

Na uku, a kama baki. Ranar tafiya da yawan kuɗi ba hirar shayi ba ce, da ɗan gari akan ci gari.

Na huɗu, mai bindiga da lasin ya sabunta shi a kan kari, kada ya ba yaro, kada ya nufi iyaka da ita.

Na biyar, wanda ke da wadda ba takarda ya rabu da ita ta hanyar da ta dace. Gwamnati ta yi afuwar miƙa makamai a 2016, ta sake yi daga watan Disamba 2025 a ƙarƙashin Minista Muntaka Mohammed-Mubarak, ɗan majalisar Asawase. Wanda bai miƙa a lokacin ba, kada ya jefa ta rijiya, kada kuma ya sayar. Ya ga lauya ko shugabannin ƙungiya su shige masa gaba zuwa ofishin 'yan sanda da ke Adum.

'Yan'uwa, mun fito neman halali ne domin iyali, ba mu fito yaƙi ba. Allah ya kai mu lafiya ya komo da mu lafiya, ya tsare mu daga sharrin masu tare hanya da sharrin zukatanmu, ya sa albarka a cikin kasuwa. Amin.