Alƙaluman tawada huɗu da suka fi dacewa da rubutun yau da kullum

Duk wanda ke wuni yana rubutu da biro, malamin makaranta ne ko ɗalibi ko akawu, ya san yadda yatsu ke sagewa kafin la'asar. Dalili kuwa shi ne tawadar biro tana da kauri, sai an danna take fita. Shi kuwa alƙalamin tawada, da zarar bakinsa ya taɓa takarda sai ruwan ya biyo da kansa, hannu bai sha wahala ba.

Biro, wanda ya samo sunansa daga László Bíró, ɗan jaridar ƙasar Hungary da ya yi rajistar fasaharsa a 1938, shi ya ture alƙalamin tawada daga aljihun jama'a saboda arha. Sai dai har yau akwai masu ƙaunarsa, kuma ga huɗu daga cikin waɗanda suka fi yabawa.

Lamy Safari

Ɗan Jamus ne, ya fito a 1980. An yi shi da roba mai ƙwari, kuma wurin riƙonsa yana da kusurwa uku da ke koya wa yatsu zama daidai, shi ya sa ake yawan ba masu koyo shawarar farawa da shi. Idan bakinsa ya lalace, ana iya zare shi a sa wani.

Pilot Metropolitan

Wannan daga Japan yake. Jikinsa na ƙarfe ne, yana da ɗan nauyi, kuma ya dace da ofis. Bakin alƙaluman Japan ya fi na Turai siriri, don haka mai ƙananan haruffa zai ji daɗinsa.

Platinum Preppy

Shi ma ɗan Japan ne, kuma yana cikin mafi arha. Murfinsa yana toshe iska sosai, ta yadda ko an ajiye shi watanni tawadar ba ta bushewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a lokacin hunturu.

Hero 616

Ɗan birnin Shanghai ne a China, an kwaikwayi siffar Parker 51 da ya fito a 1941. Ana matsa wata 'yar roba a cikinsa ya zuƙi tawada daga kwalba. Yana da arha, amma ingancinsa sai an dace, don haka a gwada kafin a biya.

Abin lura kafin saye

Harafin F a bakin alƙalami na nufin siriri, M matsakaici, B kuma mai kauri. Ga littafin rubutu na makaranta mai siririyar takarda, F ya fi, domin mai kauri yakan sa tawada ta ɓullo ta bayan shafi.

Sannan Lamy da Pilot da Platinum kowanne da irin 'yar robar tawadarsa, ta wani ba ta shiga na wani. Mafita ita ce a haɗa da 'yar na'urar zuƙa da ta dace da alƙalamin, sai a riƙa sayen tawadar kwalba.

Kada a kuskura a zuba masa tawadar allo. Gawayi da ƙaron da ke cikinta za su toshe siririyar hanyar da ruwan ke bi, wataƙila alƙalamin ya tashi aiki ke nan.

Zafi ma abokin gaba ne. Idan aka bar shi cikin mota da rana, iskar da ke ciki takan kumbura ta turo tawada, farar riga ta ɓaci. A riƙa sa shi a aljihu bakinsa na kallon sama, a rufe murfi da an gama rubutu, a kuma wanke shi da ruwan sanyi lokaci zuwa lokaci.

Mafi yawan tawadar kwalba ruwa na wanke ta. Mai sa hannu a takardar fili ko rubuta bashi, ya nemi wadda aka rubuta a jikinta cewa ruwa ba ya goge ta.